Aron Ido a Shagon Murjani

A layinmu na Ilupeju, tsakanin mai facin taya da matar da ke sayar da lemon kwalba, akwai wani shago da bai yi kama da sauran ba. Ko da rana tsaka wani haske shuɗi ne ke fitowa daga cikinsa, in kuma ka matso ƙofa za ka ji ruwa na zuba ba tsayawa. Shagon Kehinde Ajibulu ke nan, wanda 'yan layi ke kira Baba Kifi, ko da yake kifin ba shi ne abin ba. Murjani yake kiwo. Ba na wuyan amare ba, mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku yana yin rassa. Masu kuɗin Ikoyi da Lekki sun ga ana yayin ajiye shi cikin tankin gilashi a falo, su ma suka ce sai sun ajiye, alhali ko tukunyar fure ba su iya ba wa ruwa ba. Kehinde ne ke bi gida-gida yana hana abin mutuwa.

Ya haura hamsin. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya ƙare rayuwarsa yana leƙen ƙarƙashin tanki. Dama can ba mai magana ba ne, shi ya sa da ya ƙara yin shiru bayan rasuwar 'yar'uwarsa, mutane da yawa ba su lura ba.

Tagwaye ne. Taiwo ce ta riga fitowa, shi ya biyo baya, kuma tun suna yara har suka yi furfura suna gardamar wane ne babba. Ita ta ce ta riga shi shan iska. Shi ya ce ai kowa ya sani babban ne ke tura ƙaramin ya je ya ɗanɗano duniya, don haka ita 'yar aikensa ce. Sai ta ce to ta ɗanɗana, ba daɗi, amma tunda ya riga ya fito sai ya yi haƙuri.

A Abekuta aka haife su. Uwarsu, wadda kowa ke kira Iya Ibeji, uwar tagwaye, har aka manta sunanta na yanka, rini take yi a Itoku, hannuwanta shuɗi ne har gwiwa. A wannan gida mai cike da zane da zare Kehinde ya sha duka ba kaɗan ba. A aike shi ya ɗauko jan zare, ya kawo kore. A ce ya tsinko barkonon da ya nuna a bayan gida, ya ciko ƙwarya da ɗanye. Aka yi ta ce masa sakarai har shi ma ya yarda. Taiwo ce ta gane ba sakarci ba ne, idon ne haka Allah ya yi shi. Ja da kore da ruwan ƙasa duk ɗaya ne a wurinsa, ruwan hoda kuwa wani toka-toka yake gani mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai ta koma tsayawa dab da shi. In yana lalube ta ƙyale shi, da hannunsa ya kai kan abin da ake so sai ta ɗora ƙafarta a kan tasa.

Haka suka girma, haka suka zo Legas. Ya so ya koyi aikin wuta, ta ce jar waya da koriya za su kashe mata shi kafin ya gama koyo, sai ya koma aikin famfo. Ita kuma ta yi karatu ta samu aikin awon ruwa a wani kamfanin lemo. Ya yi aure, auren bai je ko'ina ba. Matar ta ce ba za ta iya zama da namijin da ko hular da zai sa sai 'yar'uwarsa ta zaɓa masa ba. Gaskiyarta, sai dai ba ta san dalili ba, shi kuma ya gwammace ta tafi da ya buɗe baki. Bayan nan Taiwo ta bi hulunansa da rigunansa ta ɗinka masa ƙulli daga ciki, ja daban kore daban, don ya riƙa lalubawa da yatsa.

Wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa da ke Apapa, shi ne ya jefa su cikin sana'ar. Tankinsa ke yoyo ya kira mai famfo, Kehinde ya je ya gyara, ya tarar mutumin na neman yin kuka a kan wasu duwatsu masu rassa da ke mutuwa masa. Washegari ya koma da Taiwo da 'yan kwalabenta. Daga nan fa abokan Kwaran suka fara kira, har ta ajiye aikin kamfani suka kama shago. Da mutumin zai bar ƙasar ya bar musu tankin, da wani guntun murjani da bai wuce tsawon yatsa ba. Taiwo ta ce ruwan hoda ne, irin na cikin gwaiba. Kehinde ya ce ya ji.

Wannan guntun ne ta raina shekara da shekaru a babban tankin shago, har ya zama curi guda kamar kwandon tumatir, rassa sirara sun sarƙe da juna. An taya ya fi a ƙirga, ta ce ba na sayarwa ba ne. In an ɗauke wuta kuma janareto ya ƙi tashi, takan tsaya da kofi tana ɗiban ruwan tana zubawa don kada ya kwanta, tana zagin janareton da wanda ya ƙera shi. Mijinta ya sha cewa da shi take yi wa rabin wannan hidima da ya yi tumbi.

Murjani gini yake yi ya zauna a kai, kuma daga cikin ruwa yake tsintar kayan ginin. Abu uku mai kiwonsa yake tsarewa. Akwai kalsiyam. Akwai ƙarfin ruwan na kashe tsami, wanda su a shago kanwa kawai suke ce masa, suna ƙara shi da garin soda. Da waɗannan biyun murjani ke yin ƙashinsa. Matsalar ita ce ba sa jiran murjanin, da sun samu sarari sai su manne wa juna su zama alli su zube ƙasa. Na ukun, magnesiyam, shi ke shiga tsakani ya hana. Murjani ba ya cin sa sosai, saboda haka mutum kan yi watanni bai tuna da shi ba, sai ranar da ya yi ƙasa komai ya rikice.

Awon kuwa da ido ake yi. A ɗebo ruwan tanki a 'yar kwalba, a sa magani ya yi launi, sannan a riƙa ɗiga wani maganin da sirinji, ɗigo bayan ɗigo, har launin ya juya. Inda sirinjin ya tsaya shi ke gaya maka yawan abin. Na kanwa daga shuɗi yake komawa ruwan ɗorawa, wannan Kehinde na gani ras. Sauran biyun daga ruwan hoda suke komawa shuɗi. A idonsa toka ce ta koma toka.

Don haka suka raba aikin yadda suka saba tun Itoku. Shi ke riƙe sirinji, don hannunsa ba ya rawa. Ita ke girgiza kwalbar tana zuba surutu da mai gida ko matar gida, wa ya yi aure, wace hanya ce ta cushe. Da launi ya juya sai ƙafarta ta sauka a kan tasa, babban yatsansa ya tsaya cak, ya ɗaga sirinjin ya karanta da muryar gwani. Duk Legas Kehinde aka sani da iya awo. Taiwo kuwa cewa ake tana rako shi ne don hira, ita kuma abin dariya yake ba ta.

A wurin biki ta faɗi. 'Yar ƙawarta ake aurarwa a Agege, sun sha anko, tana tsakiyar rawa ta dafe kai ta sulale. Kafin a kai asibiti an gama. Kehinde na gidan wani a Lekki hannunsa cikin ruwa aka buga masa waya. Ya saurara, ya ce to, ya ƙarasa ɗaure bututun da yake ɗaurewa, ya goge gilashin, sannan ya fito. Har a maƙabarta bai yi hawaye ba. Ya tsaya yana kallon yadda ruwa ke tsattsafowa a gindin ramin, yana tunanin ƙasar wajen ba ta da magudana.

Iya Ibeji ba ta zo ba, uwa ba ta sanin inda aka sa ɗanta. Dattawa suka je Abekuta suka zauna da ita suka gaya mata. Ta saurare su har ƙarshe, ta sa aka ba su ruwa. Daga ranar, duk wanda ya tambaya sai ta ce Taiwo ta tafi Legas sayen zane, yadda ake faɗi in ɗan tagwaye ya riga ɗan'uwansa. A Abekuta maganar ba ta yi wa kowa nauyi a baki ba, tunda dama a Legas ɗin take.

Kehinde ya buɗe shago bayan an share makoki. Ya ba kifi abinci, ya goge gilashi, ya duba famfuna. Masu gaisuwa suka zo suka ce sai haƙuri, ya ce an gode. Bai ji baƙin ciki ba, abin da ya ba shi mamaki ke nan, in ma mamakin ya ji. Ba ya jin komai. Amala da miyar ayoyo da ya saba ci a bakin titi suka koma kamar yana tauna jiƙaƙƙen kwali, yana ci ne don lokacin ci ya yi. In mai facin taya ya tsokane shi, sai ya lura ana dariya, shi ma ya buɗe haƙora.

Kowace safiya yana yin awo uku, yadda suka saba. Na kanwa ya gani ya karanta. Sannan ya ɗebo ruwa a kwalba ta biyu, ya sa magani, ya riƙe ta da hagu yana girgizawa, dama na ɗigawa. Ya ɗiga, ya ɗiga, har sirinji ya ƙare. Ya zubar, ya ɗauraye kwalbar, ya yi ta uku haka. Ya san ba abin da zai gani. Hannun ne ya saba, shi kuma bai ga dalilin hana shi ba.

Tankunan masu kuɗi ba su ba shi wahala ba, yawancinsu murjani mai laushi ne da ba ya gini sosai, canjin ruwa ya ishe su. Na shago ne ya fara nuna alama. Gishirin teku da suka saba saya ya ɓace a kasuwa, dila ya kawo wani sabo a farin buhu ya rantse duk ɗaya ne. Kehinde ya karɓa. Ba a jima ba kanwa ta fara zamewa. Ya ƙara soda da yamma, da safe ya tarar ta koma inda take. Ya ƙara soda, ya ƙara kalsiyam daidai da ita yadda ƙa'ida ta ce, sai ruwan ya yi fari-fari. Wani ɓawo ya fara kama famfuna har ɗaya ya tsaya. Yashin ƙasa ya dunƙule ya yi tauri. Ya canja ruwa da sabon gishirin, abin ya ƙara lalacewa.

Ba wai bai san mene ne ba. Da a gidan wani ya gani, tun daga ƙofa zai ce magnesiyam ya yi ƙasa. Bokitin garin ma na nan a ƙarƙashin teburi, da cokalin Taiwo a ciki. Amma ita ke zubawa, bayan awo, yau kaɗan, wata rana da yawa, wata rana ta ce a bar shi. Dokarta guda ce tun tana kamfani, ba a zuba abin da ba a auna ba. Yakan buɗe bokitin ya dubi cokalin ya mayar da murfi.

Murjanin kuma ya rufe. Da, in ka matso, za ka ga kowane reshe da wani laushin gashi-gashi yana motsi da ruwa, da wannan Kehinde ke sanin yana lafiya. Yanzu duk ya janye, sai rassa tsirara. Mataccen murjani fari yake komawa, mai rai yana riƙe launinsa. To fari da koɗaɗɗen ruwan hoda, a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ba abin da ya raba su a idonsa. Yakan ja kujera ya zauna gaban abin da 'yar'uwarsa ta raina, bai san ko gawa yake gadi ba.

Wata Asabar Dokta Ilesanmi ya shigo. Likitan haƙori ne a Ikeja, gajere mai tumbi da son raha, yana da ɗan tanki a inda marasa lafiya ke jira, wai yana rage musu tsoro. Su Kehinde ne suka haɗa masa. Ya tsaya daga ƙofa ya riƙe ƙugu.

"Oga Kehinde, yau koko ake damawa a tankin? To ina ƙosan?"

Kehinde ya ce ƙura ce, za ta kwanta. Likita ya zagaya, ya sa farce ya kankaro ɓawon jikin famfo, ya murza a yatsa. Fara'ar ta ragu.

"Wannan ba ƙura ba ce, kai ka koya min da bakinka. Nawa magnesiyam ɗinka?"

"Yana nan."

"Yana nan ina, a Mushin? Kawo kwalbar in gwada maka. Hannun da ke shiga bakin mutane ba zai gagara ɗiga magani ba."

Kehinde ya ce maganin ya ƙare. Kwalin na kan teburi tsakaninsu, a buɗe, kwalaben cike. Likita ya dubi kwalin, ya dubi Kehinde. Da Kehinde ya miƙa masa kwalbar da shi ke nan, ba wanda zai tambaye shi dalili, kowa ya san mai makoki hannunsa kan yi nauyi. Kuma ba kunya kaɗai ta hana shi ba, ko da yake mai sayar da launi da ba ya ganin launi abin dariya ne a garin da ba a raga wa kowa. Wurin ne. Gefen hagunsa, inda Taiwo take tsayawa. Ya ji in wani ya tsaya a nan ya riƙe kwalbar, to an gama ke nan.

Da zai fita likita ya sake leƙa tankin ya girgiza kai. Ya ce ruwan hodan nan ya koɗe ƙwarai, gindin ma ya fara tafiya, da Anti Taiwo na nan da ta ci su tara su duka. Kehinde ya ce haka ne. Daga bakin likitan haƙori ya fara sanin murjanin na mutuwa daga ƙasa yana hawa sama. Ya koma ya zauna, ya ga lokacin ƙara soda ya yi, ya tashi ya ƙara.

Matar mai lemo ce ta buga waya Abekuta, ta ce a zo a duba Baba Kifi, yana tafiya yana gaisawa amma ba kowa a cikin rigar. Kwana kaɗan sai ga Iya Ibeji ta sauko daga motar haya da ƙullin wake da galan ɗin manja. Ta haura tamanin, ta ƙanƙance, amma bakin na nan yadda aka san shi. Kehinde ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta.

"Tashi, ƙasar duk ruwan gishiri ce," in ji ta. "Kai ne ka rame, ko rigar ce ta yi ƙiba?"

Ba ta taɓa shiga shagon ba. Ta tsaya gaban babban tankin ta daɗe, ta ce ashe wannan ne ke hana su zuwa gida da Sallah, ita ta ɗauka wani abin kirki ne. Ta ce ruwan bai kwanta mata ba, da tukunyar rininta ce ta yi haka da ta san baba, shunin rinin, ya ɓaci. Sannan ta wuce ɗakin baya inda yake kwana, ta kori tsummokaransa gefe, ta kunna risho.

Wake da manja ta dafa, abincin tagwaye. Limamai sun yi wa'azi a kan wannan har sun gaji, uwayen tagwaye kuwa ba su fasa ba. Ta zuba kwano biyu, ta rufe ɗaya ta ajiye a gefe, ta tura masa ɗaya. Ya cinye don tana kallo. Mai lemo ta leƙo yi mata sannu da zuwa da gaisuwar rashi, Iya ta tare ta tun kafin ta ƙarasa.

"Ai Taiwo ta tafi Le..."

Sai ta tsaya. Ta dubi titi ta ƙofar shago, motocin haya masu ruwan ɗorawa na ta wucewa, kwandasta na kiran Oshodi. Ta ce, "Ta tafi kasuwa." Mai lemo ta ce Allah ya dawo da ita lafiya, don ba ta san me ake cewa ba, ta fita da sauri.

Da safe ya fito da kwalabensa. Iya ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da teburin tana tsintar wake a faranti, ba ta ko kallonsa. Ya yi na kanwa, ta sake faɗuwa. Ya yi na kalsiyam, ya ɗiga har ƙarshe ya zubar. Ya ɗebo na uku, ya sa magani, ya fara ɗigawa yana girgizawa, hankalinsa ba ya ko'ina.

Sai yatsansa ya tsaya. Ya tsaya ne kafin shi ya san dalili. Wani abu mai ɗan nauyi na kan ƙafarsa ta hagu. Ya sunkuya ya duba. Ƙafar Iya ce, busasshiya cikin silifa, faratan duk sun rine da shuɗin da ba ya fita.

Ya daɗe yana kallonta kafin ya ce, "Ya juya?"

"Ya juya. Shuɗi ne, irin na tsomi na biyu."

Ya ɗaga sirinjin ya karanta. Inda ake son dubu da ɗari uku, ko dubu bai cika ba. Ya ajiye a hankali. Ƙafar ba ta ɗaga ba.

"Iya, tun yaushe kuka sani?"

"Ni na haife ka fa. Babana haka yake, ɗanyen tumatir yake kawo mana daga gona yana yabon kansa. Uwa na da yara biyu a gabanta, kullum ɗaya na taka ɗaya, ka ce ba za ta duba ba?"

"Amma kuka yi ta dukana."

"Na doke ka kafin in gane. Da na gane sai na ga ta riga ni, na bar mata." Ta tsinci wani tsakuwa daga cikin waken ta yar. "Na ɗauka yadda kuka zo tare haka za ku koma."

Kehinde ya sunkuya. Ya jawo bokitin daga ƙarƙashin teburi, ya ɗauki cokalin, ya auna, ya dama a jarka har ya narke. Ta tambaye shi me zai hana ya juye duka a huta. Ya ce ba a yi wa murjani gaggawa, in ruwan ya canja masa lokaci ɗaya abin da ya rage ma zai tafi. Kullum kaɗan, kullum awo, soda kuma a dakata da ita sai wannan ya hau. Zai ɗauki kwanaki. Ta ce ba komai, tukwanenta ba za su gudu ba, rini ma haka yake, wanda ya matsa masa shi ke kwasar kunya. Ya zuba kashin farko a inda ruwa ke gudu, ya tsaya yana kallo ya baje.

"Zan zauna har ya daidaita," in ji ta. "Amma ni ma ba daɗewa zan yi ba, ka dube ni da kyau. Ka nemi ido, Kehinde. Ka buɗe baki ka gaya wa wani, ko gajeren likitan nan da aka ce yana zuwa." Ta ajiye farantin a ƙasa, ta goge shuɗayen hannuwanta a zane. "Taiwo ba kasuwa ta je ba. Ta mutu."

Tun ranar da aka buga masa waya a Lekki ba wanda ya faɗa masa haka. An ce ta rasu, an ce ta riga mu, an ce lokaci ya yi. Bai yi kuka ba. Amma ya ji wani abu ya fara dawowa, irin yadda ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ke yi in jini ya soma shiga, kuma da zafi.  Ya dafa bakin tankin ya tsaya. Ya yi kewarta, abin da bai samu ya yi ba duk watannin nan.

Sannan ya ce, "Iya, ku duba min. Akwai sauran launi a jikinsa?"

Ta miƙe da ƙyar, ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi. Ta sa ya kashe shuɗiyar fitilar, ta ce ba a duba launi a ƙarƙashin wani launi, ya buɗe ƙofa sosai hasken rana ya shigo. Ta bi curin da ido daga ƙasa zuwa sama, ta zagaya ɗaya gefen ta dawo. Ta ce gindin fari ne fat kamar ƙashi, tsakiyar ma haka, galibin rassan sun tafi. Sai can gefen da ruwa ke bugawa, akwai reshe ɗaya da bakinsa ke da sauran ruwan hoda, shi ma farin na bin sa daga ƙasa.

"Kamar yaya tsawonsa?"

Ta ɗaga ɗan alinta ta nuna masa.

Ya san abin yi. In aka bar shi a jikin uwar, farin zai cim masa. Sai an yanke shi sama da inda mutuwar ta kai, a dasa shi a kan sabon dutse. In an yanka ƙasa an ɗauko ciwon, in an yanka sama da yawa an yi asarar ɗan abin da ya rage. Ya ɗauko almakashin yankan murjani, ya naɗe hannun riga, ya hau kan benci ya zura hannu cikin ruwan. Iya ta ce ya sauko da ƙafa ɗaya inda za ta kai. Ya sauke ta hagu a kan bulon da ke gefen tankin, ta matso ta tsaya dab da shi, idonta a kan gilashi.

Ya sa bakin almakashin a gindin reshen, inda ta ce fari ne, ya fara jan sa sama a hankali. Shi duk toka yake gani. Ya ci gaba da ja, kaɗan-kaɗan, yana jiran ƙafar.